Tambayoyi da Amsoshi: Na Daina Kallon Dish, Amma Ana Ta Cire Min Kuɗi

Saƙonnin wannan makon sun taru a kan kuɗin kallon tauraron ɗan Adam, musamman yadda mutum zai daina biya idan ya ga abin ya fi ƙarfin aljihunsa. Da tsadar rayuwa da ƙarin farashin da kamfanonin ke yi a kai a kai, gidaje da dama sun haƙura da dikoda, sai dai wasu sun tarar fitar ba ta kai shigar sauƙi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na zare wayar dikodata na ajiye ta a ɗaki, amma duk wata sai na ga alat an cire kuɗin kallo daga asusuna. Na je wurin wakilin da ya haɗa min dish, ya ce ba hurumin sa ba ne. Banki kuma sun ce in je wurin kamfani. Ina mafita? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zare wayar dikoda bai sanar da kowa komai ba. Dikoda karɓar sigina kawai take yi daga tauraro, ba ta da hanyar mayar wa kamfani labarin cewa an kashe ta. A wurinsu kana nan kana kallo, tunda kuɗinka na shiga.

Ka fara gane wannan: a Najeriya, DStv da GOtv da StarTimes duk tsarin biya-kafin-kallo suke bi. Haka Canal+ yake a Nijar. Ka biya, a buɗe maka tashoshi na adadin kwanakin da ka saya, in wa'adi ya cika ba ka sake biya ba a rufe. Babu wata yarjejeniyar shekara da ta ɗaure mai kallo na gida, kuma ba a bin ka bashin watan da ba ka biya ba. Saboda haka abin da za ka yanke shi ne hanyar da kuɗin ke bi yana fita, kuma hanyar ba ta wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wadda ta fi yawa ita ce ta katin ATM. Wata rana ka biya ta manhajar kamfanin ko shafinsu, ka sa lambobin katinka, sannan akwai wani ɗan akwati da ke cewa a adana kati ko a riƙa sabuntawa kai tsaye. Sau da yawa mutum bai ma lura ya amince ba, ko kuma yaron gida ne ya yi masa biyan. Daga ranar, kamfanin da ke sarrafa biyan yana riƙe da wata shaida a madadin katinka, wadda da ita ake cire kuɗi ba tare da an sake neman PIN ko OTP ba. Shi ya sa ba ka ganin saƙon neman izini, sai alat kawai. Ka shiga manhajar da lambar dikodarka, wadda wasu ke kira IUC, wasu lambar kati, ka nemi sashen biyan kuɗi, ka kashe sabuntawar kai tsaye, ka kuma goge katin da aka adana. Ka yi biyun duka.

Hanya ta biyu tana cikin manhajar bankinka. Yawancin bankuna suna ba da damar tsara biyan wata-wata na wuta da data da talabijin. In a nan aka saita, kamfanin dish ba shi da hannu ko kaɗan, bankinka ne ke tura musu kuɗin bisa umarnin da ka bayar. Duba sashen biyan da aka tsara ka soke shi.

Ta uku ita ce izinin cirewa daga asusu kai tsaye, wanda ake bayarwa ta takarda ko ta intanet. Wannan a lambar asusu yake rataye, don haka ko ka toshe katinka ka karɓi sabo, cirewar ba za ta tsaya ba. Dole ka rubuta wa banki takardar soke izinin.

Yadda za ka san wacce ce taka: karɓi bayanin shige da ficen asusunka na watannin nan uku, ka karanta abin da aka rubuta a gefen kowace cirewa. A nan za ka ga ko ta kati ce ko daga asusu. Da wannan takardar za ka koma banki, kuma ka wuce teburin kula da abokan hulɗa ka ce ƙorafi za ka shigar a rubuce, a ba ka lambar ƙorafi. Amsar "je wurin kamfani" ba ta isa ba, domin kuɗin a hannun bankin ka ba da ajiya, kuma kana da ikon hana a taɓa shi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce ka fara kai kuka bankinka, in mako biyu ya wuce ba a warware ba ka ɗaukaka zuwa sashensa na kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna. Ta ɓangaren kamfanin kuwa, hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafi ta intanet.

Batun dawo da kuɗin wata ukun, gaskiya kada ka sa rai sosai. In ya tabbata kai ka amince da sabuntawar, za su ce sun buɗe maka tashoshi, kai ne ba ka kalla ba. Hujjarka tana ƙarfi ne a kan duk abin da aka cire bayan ranar da ka nemi a daina. Don haka ka ɗauki hoton fuskar wayarka a lokacin da ka kashe sabuntawar, ka adana duk saƙon da ka tura da kwanan watansa.

Wakilin da ya ce ba huruminsa ba ne, gaskiya ya faɗa. Aikinsa hawa rufi da saita dish da karɓar biya.

Wani abu da nake roƙon kowa a kai: kada ka nemi lambar kamfani a ƙarƙashin sharhin Facebook. 'Yan damfara suna fakon masu irin wannan ƙorafin, su kira ka da sunan za su mayar maka da kuɗi, su nemi lambar katinka da OTP ko BVN. Mai mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Mutum ya zo neman dubu goma ya rasa duk abin da ke asusun, abin akwai ciwo.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ba dainawa nake son yi ba. Na biya kuɗin wata, sai tafiya ta kama mu zuwa biki har mako biyu. Kwanakin nan sun tafi ke nan? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Barka kadai Hajiya. A tsarin wata-wata kwanaki suna ƙirguwa ko an kunna ko ba a kunna ba, kuma wannan shi ne kukan da 'yan Najeriya suka daɗe suna yi, ga rashin wuta da ke cinye rabin watan. A 2016 hukumar kare masu saye ta wancan lokacin, CPC, ta umarci MultiChoice, mai DStv, da ya ba masu kallo damar dakatar da asusunsu na kwana 7 zuwa 14, sau biyu a shekara, idan za su yi tafiya. Sharaɗin shi ne a nema kafin a tafi. Ki tuntuɓi kamfaninki kwanaki kaɗan kafin ranar tashi, ki ce dakatarwa kike so, ki tabbatar sun turo miki saƙon amincewa. Bayan an dawo ba a waiwayar kwanakin da suka wuce.

In gidanku masu yawan tafiya ne, ko unguwarku wuta sai an ga dama, StarTimes yana da biyan kwana da na mako. Lissafin kwana ɗaya-ɗaya ya fi na wata tsada in aka tara, amma ga wanda ba ya samun kallo sai ƙarshen mako, ya fi sauƙi.

Tambaya: Salam Malam. Ina karatu a Ingila, na kusa kammalawa zan dawo gida. Na kira kamfanin talabijin ɗina in soke, suka riƙe ni a waya suna ta min tayin ragi, daga ƙarshe suka ce sai na biya tara. Abokina ya ce in je banki kawai in tsayar da biyan. In yi hakan?

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa. Shawarar da na ba mai tambayar farko ba ta aiki a inda kake, kuma a nan ne mutanenmu da ke waje suke yawan faɗawa rami. A Ingila da Amurka yarjejeniya kake sa wa hannu, yawanci ta wata 18 ko 24. Ragin da aka yi maka a farko da na'urar da aka kawo ba ka biya ba, duk an lissafa su a kan cewa za ka zauna har ƙarshen wa'adi. Kamar hayar gida ce: kwashe kayanka ka fita bai sauke maka kuɗin watannin da suka rage ba. In ka tsayar da biya a banki alhali yarjejeniya na nan, abin ya zama bashi, a miƙa sunanka ga kamfanonin karɓar bashi, ya kuma ɓata tarihin bashinka, wanda ake dubawa in za ka kama haya ko ka ɗauki waya a kan biyan wata-wata. Ko da gida za ka dawo, ba ka san ranar da aiki ko ƙarin karatu zai mayar da kai ba.

Ka fara duba ranar da mafi ƙarancin wa'adinka zai ƙare, tana cikin asusunka na intanet ko imel ɗin da suka turo ranar farko. Tun Fabrairun 2020 Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Birtaniya, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su sanar da abokin hulɗa idan wa'adinsa ya kusa cika. In ya riga ya cika, babu tara, sanarwa kawai za ka bayar. Ba ka faɗi kamfanin ba, amma in Sky ne, sanarwar kwana 31 suke buƙata, don haka ka ƙirga baya daga ranar tafiyarka. In bai cika ba, ka ce su rubuto maka adadin tarar da yadda suka lissafa ta, ka kuma gaya musu ƙasar za ka bari gaba ɗaya. Wani lokaci ana sassautawa, ko da yake ba dole ba ne a kansu.

Riƙe ka da aka yi a waya ba tsautsayi ba ne. Akwai sashe na musamman da aikinsa shi ne hana mutane tafiya, kuma ana auna ma'aikacin da yawan waɗanda ya shawo kansu. Ba sai ka yi faɗa da shi ba, shi ma abincinsa yake nema. Ka maimaita magana ɗaya cikin ladabi: sokewa nake so, a ba ni ranar ƙarshe da lambar shaida. In akwai damar yin hakan ta rubutacciyar hira a shafinsu ya fi, saboda za ka adana ta. Sannan ka mayar da na'urar in ta aro ce, ka riƙe rasit ɗin aikawa, domin rashin mayarwa ma tara ce mai zaman kanta. Lasisin talabijin na Ingila daban yake da wannan, shi ma sai ka soke shi a nasa wurin.

A ganina wannan ɗabi'a ta sauƙaƙa shiga a tsaurara fita zalunci ce, kuma wasu gwamnatoci sun fara ganin haka. Faransa ta kafa doka tun Yunin 2023 cewa kamfanin da ke ba da damar ƙulla yarjejeniya ta intanet dole ya ba da damar soke ta ta intanet. A Amurka FTC, hukumar kula da cinikayya da kare masu saye, ta fitar da irin wannan ƙa'ida a Oktoban 2024, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025 kafin ta fara aiki sosai.

Tambaya: Malam, na rage zuwa ƙaramin tsari amma kuɗin da ake nema bai yi daidai da farashin da aka tallata ba. Daga Jos.

Amsa: Duba ƙarin abubuwan da ke maƙale da asusun. Dikoda ta biyu da aka haɗa da ta farko, wadda DStv ke kira XtraView, tana da kuɗinta na wata. Haka tashoshin Indiya ko na Faransanci da aka taɓa ƙarawa. Sauya tsari ba ya cire su, sai ka cire kowanne da kansa. Kuma ka yi sauyin kafin ranar sabuntawa, don in akwai ragowar kuɗi a asusun da ya isa tsohon tsarin, ana iya sabunta shi a kai. In kuma kana biyan wata manhajar kallo ta Google Play ko Apple, goge ta daga waya bai soke biyan ba, sai ka shiga asusunka na can.

Tambaya: In na daina biya, dish ɗin ya zama kwandon shara ke nan? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a Malam. Dikodar kamfani ce a kulle take da tsarinsu, amma farantin da wayar da ƙaramar na'urar da ke gabansa duk za su yi aiki da risiba ta tashoshin kyauta, irin wadda ake sayarwa a kasuwa. Za ka kira mai saiti ya juya shi zuwa tauraron da ke ɗauke da tashoshin da kake so. Arewa24, da ta fara aiki a 2014, da tashoshin wa'azi na Hausa da dama ana kama su ba tare da biyan wata ba. Na Larabawa da ke kan tauraron Nilesat a wasu yankunan sai da faranti mafi girma, don haka ka tambayi mai saitin kafin ka sayi risiba. In kuma sayar da tsohuwar dikodar za ka yi, ka tabbatar an cire katin bankinka daga asusun an kuma sauya suna da lambar waya zuwa na mai saye kafin ka miƙa masa.