Tambaya da Amsa: Me ya sa tsohon maharbi ke komawa bindiga mai baki ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 40 yana farauta. Da bindigar toka ya fara, ya koma mai baki biyu, yanzu kuma ya ce mai baki ɗaya yake so. Ƙarfi ne ya ƙare, ko da wata hikima a ciki? Mai karatu daga Ningi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Duka biyun ne, amma hikimar ta fi yawa.

Barin bindigar toka ba ya buƙatar dogon bayani. Albarushi na shan raɓa, da damina ta ƙi tashi, ko ta yi jinkiri sai an sauke ta daga kafaɗa ta tashi. Hayaƙi ya rufe maka gani, kafin ka sake ɗuri nama ya shige ƙurmi. Shi ya sa matashi ke kwaɗayin mai baki biyu, harbi na biyu yake saye.

Da shekaru suka ja sai lissafi ya canza. Bindiga ana saɓa ta awa biyar ko shida, a harba sau ɗaya ko biyu. Mai baki biyu lamba 12, wato lambar da ke nuna faɗin bututun bindiga, takan kai kilo 3.2 zuwa 3.5, mai baki ɗaya irin Baikal ta Rasha ba ta cika kilo 3 ba. Rabin kilon nan ba komai ba ne da asuba, da azahar kuwa kafaɗa ta san shi. Kuma wanda ya iya sanɗa, ya san iska, ya iso taku 30 kusa da zabo, harbi ɗaya ya ishe shi.

Sai dai akwai tarko a nan. Bindiga mara nauyi ta fi dukan kafaɗa idan harsashin bai canza ba. In Baba ya ci gaba da sa mai dalma giram 36, za ka ga ya fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, sai kuskure ya yawaita, a ɗora wa tsufa laifi. Ya sauko giram 28 ko 30, ƙwayar dalma mai girman lamba 5 ko 6 ta wadatar wa zabo da fakara, a kuma sa wa gindin bindigar matashin roba.

Ido ma na da hannu. Daga shekara 45 gani na kusa kan ragu, saiti mai tsaga a baya ya riƙa dishi-dishi, ɗan ƙullutun bakin bindiga mai haske ya fi sauƙin kamawa.

In ya zaɓi bindiga lamba 20, wadda bututunta bai kai na lamba 12 faɗi ba, kada a haɗa harsasanta da na lamba 12 a jaka ɗaya. Na 20 yakan zurma cikin bututun 12 ya maƙale, a ɗora wani a kansa, bututu ya fashe a hannu. A duba kuma tsawon harsashin da aka buga a jikin ƙarfen bindigar, wadda aka rubuta wa milimita 70 ba a sa mata harsashin milimita 76. Lasisin tsohuwar bindigar kuwa ba ya bin sabuwa, sai ya koma wurin 'yan sanda a yi mata nata.