Abin da ya sa ba ma tsallake waƙa

Assalamu alaikum, ɗana Sadiku.

Saƙonka ya iso. Ka tambayi dalilin da ya sa in mu tsofaffi muka kunna waƙoƙin Turawa na da, irin na su Beatles da Elvis Presley, sai mu yi tsit har a gama, kuma ranmu ya ɓaci in wani ya tsallake waƙa. Ka ce ko wata al'ada ce.

Al'ada ce, kuma faifan ne da kansa ya koya mana ita. Babban faifan garmaho fuska biyu gare shi, kowace tana ɗaukar kamar minti 20, waƙa biyar ko shida a jere. In za ka tsallake ɗaya sai ka ɗaga allura ka sauke ta gaba, hannu kuwa in ya yi rawa ya karce faifan, shi ke nan, kullum aka zo wurin sai ya yi ta nanata kalma ɗaya. Shi ya sa a ɗakin samari mai faifai kaɗai ke taɓa allura. Wanda aka ba aro ta gefe yake riƙewa, ya mayar cikin kwalinsa. Hira sai lokacin juya faifai. Da an kira salla kuwa a kashe, domin dama iyayenmu haƙuri kawai suke yi da mu.

Da muka saba zama haka, sai kunne ya buɗe. Muka gane su ma mawaƙan sun san a jere za a ji su, saboda haka ba haka kawai suke jera waƙoƙin ba: mai zafi ta buɗe, mai sanyi ta biyo ta kwantar da rai, ta ƙarshen fuska ta sa ka ƙagu a juya. Wanda ya tsinci ɗaya daga tsakiya kamar wanda ya shigo tatsuniya ana rabi ne. Kuma mutane ne ke kiɗan da hannunsu, sau da yawa a ɗaki ɗaya. A 1963 Beatles sun ɗauki waƙa goma na faifansu na farko a yini guda. In ka kasa kunne za ka ji muryar John Lennon ta dushe a ta ƙarshe. Ni wannan dushewar ta fi mini murya mai santsi da na'ura ta gyara.

Kada ka ɗauka abin nesa da mu yake. James Brown ya yi wasa a Najeriya a 1970, Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya zo Legas a 1973 ya ɗauki faifai, ga kuma namu irin su BLO da Ofege, su Ofege ɗin ma 'yan makaranta ne lokacin da suka fara.

In kana so ka ɗanɗana, zaɓi faifai ɗaya a wayarka, ka kashe abin nan da ke cakuɗa waƙoƙi, ka ajiye wayar nesa da hannu. Ji na farko bi murya. Na biyu rabu da ita, bi ganga da jita mai kauri da ke ƙarƙashi. Sannan ka rubuto mini abin da ka ji.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.