Ƙarfen nan ya cinye min baki uku, ya zan yi?

TAMBAYA: Salam Malam, ni tana ne, wato mai yankan ƙarfe a inji, ina aikin injin gyaran ƙarfe a Agege. Na sayo tsohon ƙarfen injin huda kwano a Owode Onirin zan rage masa kauri, wallahi bakin yanka uku na HSS (ƙarfe mai tauri da ake yin bakin inji da shi) na sa duk sun ƙone, sai ƙara yake da tartsatsi ko gezau bai yi ba. Ogana yace injin ne ya tsufa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A gaida oga amma injin ba ruwansa. Ƙarfen da ka sayo an riga an gasa shi ya yi tauri, irinsa yakan kai 58 zuwa 62 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, shi kuma HSS ɗinka bai wuce 62 zuwa 65 ba, kaga kusan sa'annin juna ne, wa zai yanki wa? Nan gaba kafin ka biya kuɗi ka goga masa zarto irin na goge ƙarfe, in ya zame kamar kan gilas to ka san abinda ka ɗauko.

In ɗan kaɗan zaka rage, kai shi dutsen wasa kawai, farin dutse, a hankali kana sanyaya shi, da ka ga ya fara shuɗi ka tsaya domin zafi ya soma kashe taurin wurin kenan.

In dole sai a kan inji to bakin CBN (wani abu mai taurin da ya kusa na daimon) ne maganinsa, ko na siramik, akwai tsada kam ba ƙarya, kuma ba ya son wasa, ka ɗaure aikin tamau kar ya yi rawa, ka riƙa ci kamar milimita 0.1 zuwa 0.2, kuma don Allah kar yaron shago ya tsaya yana ɗan watsa ruwa jefi-jefi, zafi da sanyi zafi da sanyi shi ke fasa bakin, gara a bushe. Bakin kabaid, wanda ya fi HSS tauri, yakan ɗan taɓa amma baya daɗewa. Bakin daimon kuwa manta dashi, in ya ɗau zafi ƙarfe cinye shi yake.

Wasu zasu ce ka gasa ƙarfen ka binne a toka ya kwana don ya yi laushi kamar yadda maƙera keyi. Yana yi a wasu ƙarafan, amma in irin ƙarfen da ake kira D2 ne ko a iska ya huce tauri yake sake yi, sai an kai shi wajen digiri 850 na Celsius a tanderu a bar shi ya sauko sannu sannu, bayan ka gama aikin kuma a sake gasa shi ya dawo da taurinsa. Ka fara lissafa kuɗin wannan kafin ka karɓi aikin.