Tambaya da Amsa: Idan mutum ya ture na'urar da aka ba shi don ta yi masa magana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na fara aikin kula da manya masu lalurar fahimta a wani gida a Ingila. Akwai wani bawan Allah ɗan shekara 40 da ba ya furta kalma ko ɗaya. An ba shi kwamfutar hannu mai hotuna, wadda ke magana idan an taɓa. Duk sanda na miƙa masa sai ya ture ta. Manhajar ce ba ta da kyau, ko akwai wadda ta fi ta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba da ladan wannan aiki. Da wuya a ce laifin manhajar ne. Kuma ki lura, turewar nan da yake yi ita ma magana ce: ya ce miki "a'a", kin kuma fahimta. Daga nan za ki ɗora.

Masana suna kiran waɗannan hanyoyi AAC, wato duk abin da ke tallafa wa magana ko ya tsaya a madadinta, tun daga kallo da nuni da hannu har zuwa na'ura. Manhajar da ta yi suna, Proloquo2Go ta kamfanin AssistiveWare da ke Amsterdam, a 2009 ta fito. Amma tun farkon shekarun 1970 Margaret Walker ta fara abin da ya zama Makaton a asibitin Botleys Park da ke Surrey, tare da kurame manya masu lalurar fahimta. Ana yin magana kamar kullum, sai a raka muhimman kalmomin da alamar hannu. Har yau da shi ake aiki a gidaje irin naku, don haka ki nemi a koya miki.

Kafin komai, ki tambayi shugabar aikinki ko yana da ɗan littafin da suke kira fasfo na sadarwa. A ciki ake rubuta yadda yake nuna "eh" da "a'a", da yadda ake gane yana jin ciwo. Wata ma'aikaciyar ta kwashe shekaru kafin ta gano waɗannan, bai kamata ki faro daga tushe ba.

Sai batun kwamfutar. Zatona shi ne ana miƙa masa ita ne kamar takardar jarrabawa: "nuna min shayi, nuna min wanka". Babu babban mutumin da zai so haka. Ke ce za ki fara magana da ita. Idan za ki haɗa masa shayi, ki ce "shayi", ki taɓa hoton da kanki yana gani, ki ci gaba da aikinki ba tare da kin nemi ya maimaita ba. Haka ɗan Adam ke koyon kowane harshe, yana ganin ana amfani da shi. Idan kin yi tambaya, ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci. Wannan shirun ya fi komai wuya ga ma'aikaci mai sauri, amma sau da yawa amsar tana kan hanya mu ne muke katse ta. Kada kuma ki riƙa sauya wa hotunan mazauni, domin hannu yana haddace wurin kowanne, kamar yadda kike danna lambar wayar mahaifiyarki ba tare da kin duba ba.

Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki kama hannunsa ki kai kan hoto. An gwada wannan salo, bincike ya nuna mai riƙe hannun ne ke zaɓen, ko da bai sani ba, har ƙungiyar masana magana da ji ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 cewa a daina. Saka wa mutum magana a baki zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Tambaya: Malam, ni a Katsina nake, ƙanena ɗan shekara 28 yana da irin wannan lalura. Ƙaramar wayar Android gare ni, ba ni da kuɗin iPad. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma kyamarar wayarka ce mafarin. Ka ɗauki hoton abubuwansa na gaske: butarsa, kofinsa, tabarmarsa, masallacin unguwa, fuskar Inna. Hoton abin da ya sani ya fi zane saurin shiga. Ka wanke su a shagon hoto a rufe su da leda. Ka fara da biyu kawai, kunu ko shayi, wanda ya nuna ko ya miƙo ka ba shi nan take. Tsarin PECS da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙira a Amurka a 1985 a kan wannan musayar aka gina shi. Idan hoto bai yi masa ba, ka nuna masa butar kanta.

Ka riƙa sauya jerin da kake tambaya, domin wasu suna zaɓen abin da aka faɗa a ƙarshe, ko su ce "eh" ga komai don a bar su. Kada kuma hotunan su tsaya kan abinci. Ka sa "ciwo", "ba na so", "ƙyale ni". Waɗannan ne ke kare mutum.

Idan ya saba, ka gwada manhajar Cboard, kyauta ce kuma UNICEF ta tallafa wajen gina ta. Za ka iya saka hotunanka, ka naɗi murya da Hausa a kan kowanne. Ka samu namiji sa'ansa ya naɗa, kada babban mutum ya riƙa magana da muryar yaro. A saitin tsaro na Android akwai wurin kafe manhaja ɗaya a fuskar waya don kada ya fita daga ciki bisa kuskure. Katunan nan kuma kada ka zubar, ka huda su ka zura a zobe su zauna a aljihunsa, saboda ranar da babu wuta kuma caji ya ƙare.