Ɗana, agogon da ka gani a hoto ya taɓa jefar da ni ƙasa

Saƙonka ya iso. Ka ce ka ga hoton agogona mai lambobi jajaye a cikin kwalabe, kana so in nema maka hanyar zuwa Jamus ka riƙa haɗa irinsa kana sayarwa, tunda ka iya gyaran rediyo da caja. Kai ne na uku da ya turo mini wannan magana a bana, don haka ka saurara da kyau.

Waɗannan kwalabe ana kiransu Nixie. Kamfanin Burroughs na Amurka ne ya fito da su a 1955, amma waɗanda ke hannuna ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, samfurin IN-14. Iskar neon ce a ciki, da lambobi goma na siririyar waya, ɗaya bayan ɗaya. Kwalbar ba ta kamawa sai ta sami wajen bolt 170. Ƙarfin da take ja kaɗan ne, miliamfiya biyu da rabi, shi ya sa dole ka sa mata resista, abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, a gaba, in ba haka ba ta zuƙi wuta har ta lalace.

A shekarata ta farko na haɗa ɗan allo mai ɗaga bolt 12 zuwa 180. Na kashe, na zare filogi, na kai hannu in gyara wata waya. Ashe kafasita, ɗan abin da ke tara wuta a allon, tana riƙe da wutarta. Ta ja ni daga yatsa har kafaɗa, na faɗi da kujera, kwalba biyu suka tarwatse. Ni kaɗai a ɗaki, ƙarfe biyun dare, babu wanda zai ce mini sannu. Wannan kaɗaicin ya fi wutar yi mini ciwo, har yau ina tuna shi. Tun daga ranar ba na taɓa allo sai na auna da mita, na sa resistar da ke tsiyaye kafasita, kuma hannuna na hagu yana aljihu. Kada ka taɓa ɗaukar wuta kai tsaye daga soket ba tare da taransifoma ba, don bolt 230 in aka mayar da ita irin wutar batir (DC) tana kaiwa wajen 325. Wasu kwalaben kuma akwai ɗigon zaiba a cikinsu, in sun fashe a buɗe taga.

Batun zuwa kuwa, iyawarka ba ta isa ba a nan sai da takarda. Na zo da hannu mai kyau, amma wani maigidan shago ya hana ni ko kwance murfin na'ura, ya miƙo mini tsintsiya. Shekara uku da rabi na yi ina koyon sana'a, tare da yaran da na girme su nesa ba kusa ba, kafin na sami shaidata. Da gumina na same ta, kuma ina alfahari da ita.

In ta karatu za ka zo, sai ka ajiye kuɗin zaman shekara guda a rufaffen asusu, wato asusun banki da ake cirewa wata-wata; a 2025 yuro 11,904 ne. Agogon nan kuma bai taɓa biya mini kuɗin haya ba, sha'awa ce kawai. Ka fara da Jamusanci, ka kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshen, sannan ka sake rubuto mini. Ka gaishe mini da Hajiya.