Amsar tambayarka kan PL, CTCSS da TSQL a oba-oba

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka saka mitar rifita (tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta zuwa nesa) a oba-obanka, fitilar karɓa tana kunnawa kore amma ba ka jin komai, kuma wani ya ce maka ka sa PL wani ya ce CTCSS wani kuma ya ce ton kawai, har ka fara tunanin ko na'urar ce ta lalace. To kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau.

Da farko dai duk sunayen nan abu ɗaya ne. CTCSS shi ne sunan da kowa ya sani a fasahance, PL kuma sunan kasuwanci ne na Motorola wato Private Line, General Electric suka kira nasu Channel Guard, RCA suka ce Quiet Channel, Kenwood kuma QT. Kowane kamfani da sunansa amma aikin ɗaya, 'yan rediyon ham, wato masu rediyon sha'awa, kuma bakinsu ya saba da PL ko da na'urar hannunsu ba ta Motorola ba ce.

Abin da ke faruwa shi ne in ka kunna ton, duk lokacin da ka danna PTT, wato maɓallin magana, rediyonka yana tura wani ƙaramin sauti mai kauri a ƙarƙashin muryarka, bai yankewa har sai ka saki. Sautukan nan suna tsakanin 67.0 zuwa 254.1 Hz, guda 50 ne a yawancin na'urorin yanzu, za ka riƙa cin karo da irin su 88.5 da 100.0 da 123.0. Ana cewa ba a jinsu amma gaskiya kunne yana iya ji, rediyon ne ke tace duk abin da ke ƙasa da wajen 300 Hz kafin ya kai sifika. Rifita kuwa kamar maigadi ne a bakin ƙofa, in bai ji ton ɗin da aka ba shi ba ba zai buɗe maka ba ko da siginarka ta kai ƙarfin me. Dalili kuwa don kada hayaniya ko wata rifita mai nisa da ke kan mita ɗaya ta riƙa tayar da shi a banza.

Yanzu ga inda ka maƙale, kuma a nan nake so ka nutsu sosai. Turawa daban, saurare daban. In ka zaɓi TONE ko T ko ENC a menu, kana tura ton ne kawai, kunnen rediyonka a buɗe yake yana jin kowa. In ka zaɓi TSQL (Kenwood suna rubuta CT) to ka ce masa ya tura, sannan kuma ya yi gum har sai ya ji wannan ton ɗin daga waje. A rediyon kamfanin Baofeng sun raba su gida biyu, T-CTCS na turawa R-CTCS na karɓa. Kuma ba kowace rifita ce ke maido da ton a siginar da take fitarwa ba, wasu buƙatarsa kawai suke yi a shiga. Kaga kenan in ka kunna TSQL a irin wannan, fitila za ta yi kore mutane suna ta hira kai kuma shiru. Abin da ya same ka kenan.

Ka je ka kashe R-CTCS, ka bar na turawa kaɗai a kan lambar da masu rifitar suka bayar, ka kuma duba ofset ɗinka, wato tazarar da ke tsakanin mitar turawa da ta karɓa, a bandin mita 2 yawanci 600 kHz ne, ka tabbata alamar ƙari ko ragi daidai take. Ni a ganina duk mai koyo ya fara zama a TONE, sai ka tabbatar rifitar tana maido da ton kuma hayaniya ta dame ka sannan ka koma TSQL.

Za ka ga DCS ma a menu, Motorola suna ce masa DPL, lambobi uku ne irin 023, aikinsu ɗaya sai dai shi na dijital ne kuma ba ya jituwa da CTCSS. A Turai akwai tsofaffin rifitoci da ake buɗewa da ɗan gajeren sautin 1750 Hz, wannan ana jinsa sarai, kar ka haɗa su.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗauka da wasa, ton ba ya ɓoye magana ko kaɗan. Duk wanda bai kunna TSQL ba yana jin komai da ka faɗa, kai ne dai ka toshe kunnenka daga jin wasu. Shi ya sa in kana kan TSQL ka danna MONI, maɓallin da ke buɗe kunnen rediyon ya ji kowa, ka saurara tukuna kafin ka danna PTT, don wataƙila akwai masu magana a kan mitar da wani ton daban ko ma ba ton, ka hau kansu ba ka sani ba. Ka gyara saitin yau ka kira da alamar kiranka, ka faɗa min ko rifitar ta amsa.