Amsar Baffa kan zama a shagon ubangida

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka daɗe a shagon Alhaji a Kantin Kwari, ga sa'o'inka suna ta sayar da shadda da atamfa ta WhatsApp da TikTok, ba shago ba ubangida. Shi ne kake tambaya ko al'adar nan ta zama yaron wani har ranar da zai sallame ka tana da sauran amfani.

Abin da ubangida ke bai wa yaronsa ranar sallama ba jari ne kawai ba. Jarin ma sau da yawa bai taka kara ya karya ba: tebur, 'yan turame, wani lokaci a haɗa da yi maka aure. Babban abin shi ne ya kama hannunka ya kai ka wurin mai shigo da kaya ya ce, “Wannan yarona ne, a ba shi.” Daga ranar za ka ɗauki dila ba ka ajiye ko kwabo ba, a rubuta sunanka a littafi, ka sayar ka kawo. Haka fatake suka yi a hanyar Gwanja wajen fataucin goro. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da irin wannan amanar ya riƙa ba wakilansa kuɗi suna shiga ƙauyuka sayen gyaɗa.

To dubi inda kasuwa ta dosa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Farkon 2024 ta haura 1,500. Yawancin yadin da ke Kwari daga Sin ake kawo shi, tunda masaƙun Kaduna da na Kano sun daɗe da durƙushewa. Wanda ya ba ka kaya bashi yau, ka biya shi bayan wata biyu, kuɗin ba lallai su sake sayo masa kayan ba. Saboda haka masu kaya sun ƙanƙame hannu, ba sa ba kowa sai wanda suka san asalinsa da wanda ya tsaya masa. Waya za ta kawo maka mai saye daga Maraɗi ko Yola, amma ba za ta tsaya maka a gaban mai dila ba. Abokan naka ka lura da su da kyau: yawancinsu hoton kayan wani suke ɗauka, sai an turo kuɗi su ruga shagon irin su Alhaji su saya, su kai tasha su ba direba. Dillanci ne, halak ne kuma, sai dai ribarsa la'ada ce.

Ban ce ka raina wayar ba. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardar naira ta yi wuya, dattawan da suka rantse ba za su karɓi tiransifa ba sai ga su da POS a kan tebur, suna kiran yara su duba musu ko alat ɗin na gaske ne. A nan kuka fi mu. Kai ne za ka buɗe wa shagon shafi, ka riƙa lissafi a waya, ka san wane zane ne ke tafiya kafin Sallah.

Inda nake ganin kana da gaskiya shi ne rashin wa'adi. Inyamurai kan yanke shekarun da yaro zai yi tun ranar da aka kawo shi, a gaban iyaye. Mu kuwa sai kunya ta hana magana, yaro ya yi furfura a bakin shago yana jiran “in Allah ya yarda.” Wannan ba addini ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni take a rubuta bashi a kafa shaidu.

Don haka kada ka fita da fushi, kada kuma ka tunkari Alhaji da kanka, ba girmanka ba ne. Bayan Sallah zan shigo Kano, mu je da kawunka mu gaishe shi, mu nemi ya faɗi lokaci da abin da zai sallame ka da shi, a rubuta. Cinikin da kake kawowa ta waya ma a yanka maka kaso a kai. Kafin nan ka tattara lissafinsa na watannin nan, mu riƙe a hannu. Ka gaida mahaifiyarka.